Daga Furen Taba Zuwa Karan Sigari: Tarihin Taba da Ciwon Saiwar Haƙori a Ƙasarmu

 Gaisuwa ta musamman ga matan Paki da Ikara da Makarfi da Hunkuyi da Kudan, da sauran garuruwan arewacin ƙasar Zazzau, domin yau zancen ya fi karkata gare ku.

Maganarmu a kan ciwon haƙori ce, amma ba irin wanda kan taso in an sha ruwan sanyi ya lafa ba. Wanda muke nufi shi ne mai sauka can cikin saiwa, ya tara mugunya, ya kumbura kunci, ya hana barci ya hana cin tuwo, wani lokaci ma ya yi sanadin ajali. Ko kin taɓa tambayar kanki, 'yar uwa, me ya sa mutum biyu za su sami kogo iri ɗaya a haƙori, ɗaya ya je a yi masa aiki ya warke cikin mako guda, ɗayan kuwa fuska ta haye, a yi ta jinya wata da watanni? Dalilan suna da yawa, amma biyu sun fi girma: taba, da kuma halin da sauran jiki yake ciki. To da yake taba ta daɗe ƙwarai a bakin Bahaushe, bari mu fara bin sawunta, sa'an nan mu dawo kan haƙorin.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Taba ba shukar ƙasarmu ba ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma Turawa ba su san ta ba sai a 1492, lokacin da mutanen Kolumbus suka ga mazauna tsibirin Kyuba suna zuƙar hayaƙin wani ganye. Abin lura shi ne, da ta shiga Turai da rigar magani ta shiga. Wajen 1560 wani jakadan Faransa a ƙasar Fotugal mai suna Jean Nicot ya aika da ita fadar sarkinsu a matsayin magani, kuma daga sunansa ne aka samo sunan nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da ita. A 1571 wani likitan ƙasar Sifen, Nicolas Monardes, ya rubuta littafi ya jera cututtuka barkatai da ya ce taba na warkarwa, har da ciwon haƙori. Kin ga ashe cusa garin taba a kogon haƙori ba kakanninmu kaɗai suka yi shi ba, likitocin Turai na wancan zamani ma sun yi.

Kafin shekara ta 1600 ta cika, taba ta riga ta iso Tumbuktu, daga nan fatake suka yi ta yawo da ita. Malamai kuwa ba su yi shiru ba. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi rubutu a kanta wajen 1607, inda ya ga ba ta kai haramun ba muddin ba ta gusar da hankali. A ƙarshen wannan ƙarni kuma wani malamin ƙasar Bagarmi, Muhammad al-Wali, ya rubuta hujjojinsa na haramta ta. Daga baya ɗariƙar Tijjaniyya ta hana mabiyanta sha. Ana wannan muhawara, ita kuwa tabar tana ta kafa saiwa a fadamu da bayan gidaje, har ta zama kamar da ita aka halicci ƙasar.

Abin da baƙo ya gani a Kano a 1824

A watan Janairu na 1824 wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya shiga Kano, ya zauna makonni yana rubuta abin da ya gani. Cikin abubuwan da suka ɗauki hankalinsa har da bakin mutane. Ya ba da labarin cewa kullum ana kawo furen taba kasuwa a jere cikin manyan kwanduna, maza da mata suna goga shi a haƙora da leɓɓa su yi jawur, kuma ana ɗaukar wannan ado ne babba. Ya ce ana tauna goro, ana kuma tauna garin taba haɗe da kanwa, mata ma suna yi. Zuƙar hayaƙi kuwa ya ce ta maza ce, ba a yarda mace ta yi ba. Bayan shekara kusan 30, Heinrich Barth ya sayi tabar Katsina cikin guzurinsa na tafiya Tumbuktu a 1853, saboda darajar da take da ita har can.

Paki tsohon gari ne a bakin iyakar Zazzau da Kano, kuma abin da ake yayi a kasuwar Kurmi ba ya daɗewa bai iso nan ba. Ki tambayi duk wata tsohuwa a unguwarku, za ta gaya miki yadda ake cin fure. A tauna goro, a ɗauko furen taba a goge haƙora da shi, baki ya yi ja, a sa kwalli, a ɗaura zane a nufi gidan biki. A wancan lokaci budurwar da ta yi murmushi da jan haƙora ita ce ta iya kwalliya.

Daga nan za ki gane cewa tun farko an raba taba gida biyu. Ta maza ita ce ta lofe da hayaƙi, a fili, a gindin bishiya ko a zaure. Ta mata kuwa ita ce ta cikin baki, fure da gari, a ɗaki, ba hayaƙi ba wari mai tona asiri. Cin fure ya ja baya yanzu, farin haƙori ake yayi. Amma garin taba da kanwa bai tafi ko'ina ba. Yana nan a ƙullin bakin zanen wasu iyayenmu, kuma da yawansu in kin tambaye su yadda suka fara, za su ce miki haƙori ne ya yi ciwo, wata ta ce a ɗan sa. Ciwon ya lafa na ɗan lokaci, tabar kuma ta zauna daram.

Zuwan sigari da zuwan zaƙi

Ƙarni na 20 ya zo da sabon salo. Jirgin ƙasa ya bi ta Zariya ya isa Kano a 1911, kantunan Turawa suka buɗe, sigari na kwali ya fara shigowa. Kamfanin British American Tobacco ya fara gwajin yin sigari a Oshogbo a 1933, ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, wadda aka fi sani da NTC, kuma a 1959 ta buɗe masana'antarta a Zariya. Manoma da yawa a ƙauyukan ƙasar Zazzau da ta Sakkwato suka shiga noma wa kamfani taba. A ba su iri, a koya musu yadda ake shanya ganye, a zo a auna a biya. Ba za a ɓoye ba, kuɗin taba ya yi wa mutane rufin kwano, ya sayi keke, ya aurar da 'ya'ya. Abin da ba a gaya wa kowa ba a lokacin shi ne abin da za a biya daga baya.

Sigari ya bambanta da lofe. Lofe sai an zauna, an cusa, an nemo garwashi. Sigari kuwa yana aljihu, ga ashana, ga mai tebur a bakin tasha yana sayar da kara ɗaya ɗaya. Wanda a da yake zuƙa sau biyu a yini, yanzu sai ya sha kara goma bai sani ba.

A daidai wannan zamani kuma zaƙi ya yawaita. Ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara ƙasar rake ce, kowa ya sani. A ƙarni na 20 ne injin matsar rake da doki ke juyawa ya bazu, mazarƙwaila ta wadata, sa'an nan ga sukarin kanti, ga alewa, ga shayi mai kauri, daga baya ga lemon kwalba. Ba cewa ake rake abin gudu ba ne, arzikinmu ne. Amma bakin da ke wuni da zaƙi, ya kwana ba a wanke ba, shi ƙwayoyin cuta suke so.

Ga wani abu da ya kamata ki riƙe. Lokacin da aka buɗe masana'antar sigari a Zariya, babu makarantar horar da likitocin haƙori ko ɗaya a Nijeriya. Ta farko a Legas aka buɗe ta cikin shekarun 1960, Arewa kuwa ba ta sami tata ba sai bayan shekara ta 2000. Wato abin da ke ɓata haƙori ya riga mai gyaransa isowa da shekaru masu yawa. A tsakanin nan mutane suka yi ta fama da abin da ke hannunsu: kanumfari, ruwan gishiri, garin taba, kanwa, in abin ya ƙi a nemi mai cirewa a kasuwa.

Abin da ke faruwa a cikin haƙori

Mutane da yawa suna ɗaukar haƙori kamar dutse ne da aka dasa a baki. Ba haka ba ne, abu ne mai rai. Babban mutum yana da 32, yaro yana da 20 na nono. Kowanne yana da farin ɓawo mai tauri a waje, wanda ya fi ƙashi ƙarfi. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai taushi, cike da jijiyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi. Waɗannan jijiyoyi suna shigowa ne ta wata 'yar ƙofa kamar bakin allura a ƙarshen saiwa, inda haƙorin ya nutse cikin ƙashin muƙamuƙi.

A da ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, kuma ba Hausawa kaɗai suka yarda da haka ba, kusan duk duniya ne. A 1890 wani likita Ba'amurke da ke aiki a Jamus, W. D. Miller, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin ragowar zaƙi da tsaki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar kogo ya kai ɗakin tsakiya, wurin zai kumbura, ga shi kuwa ba inda zai buɗa, bango ta ko'ina. Wannan shi ne zogin da ke hana barci.

To ki saurara da kyau a nan, domin nan ne ake yaudaruwa. Bayan kwanaki ana fama, sai ciwon ya ɗauke ɗif. Mai shi ya ce alhamdu lillahi, maganin wance ya yi aiki. Sau da yawa ba warkewa aka yi ba, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun sami ɗaki babu mai korarsu, domin jini ya daina shiga. Daga nan sai su bi ta 'yar ƙofar nan su sauka cikin ƙashi, mugunya ta taru a ƙarshen saiwa. Wani lokaci ta huda dasashi ta fito kamar ɗan ƙurji, ya fashe, ya koma, ya sake fitowa. Wani lokaci kuma ta bi ta cikin nama ta nufi ƙarƙashin haɓa da wuya, ta tura harshe sama, ta toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan mugun kumburi a 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiransa, kuma har yau yana kisa in an makara.

Abin da ke tsare ƙofar nan, ya hana cutar wucewa, shi ne jini da sojojin da ke cikinsa. Saboda haka duk abin da ya raunana jini, ya buɗe wa ciwon saiwa hanya.

Inda taba ta shigo

An daɗe kafin a gane. A 1947 wani likitan haƙori na ƙasar Denmak, Jens Pindborg, ya duba matasan sojojin ruwa, ya ga wani mugun gyambon dasashi ya fi kama masu shan taba. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila suka danganta sigari da ciwon dajin huhu, hankalin duniya ya koma can. Amma likitocin baki ba su daina bincike ba. A shekara ta 2000 wani babban nazari a Amurka ya nuna masu shan sigari sun ninka marasa sha kusan sau 4 wajen kamuwa da ciwon dasashin da ke cin ƙashi, kuma a 2004 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar cewa sigari na haddasa shi.

Game da saiwa kanta, a 2006 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Boston, inda aka bi maza 811 har kusan shekara 30 ana ɗaukar hoton haƙoransu. An samu cewa masu shan sigari sun fi marasa sha buƙatar aikin wanke saiwa da kimanin kashi 70 cikin 100. Daɗin abin kuma, waɗanda suka daina, haɗarin ya yi ta raguwa, har bayan kamar shekara 9 suka koma daidai da wanda bai taɓa sha ba.

Yaya take yin wannan ɓarna? Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, ga shi kuwa wadda ke shiga haƙori dama siririya ce. Hayaƙin yana rage iskar da jini ke ɗauka. Yana kuma sanyaya gwiwar fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin. Bugu da ƙari, taba tana ɓoye alama. Dasashi mai ciwo yakan yi jini in an goge, wannan gargaɗi ne. Na mai shan taba kuwa ba ya cika yin jini, sai ya zaci lafiya lau yake, alhali ƙashi na zaizayewa a ƙasa, har ranar da haƙori zai fara girgiɗi. In an cire haƙori ma, ramin mai shan sigari ya fi saurin rasa gudan jinin da ke rufe shi, ƙashi ya zauna a buɗe, zafin ya fi na farko. Shi ya sa likita ke cewa kada a sha taba bayan cirewa.

Kada ki ce wannan na maza ne. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2012 ya nuna maza 10 cikin 100 suna amfani da taba, mata kuwa kamar 1 cikin 100, kuma tabar matan ta fi karkata ga wadda ba ta hayaƙi. Garin taba da kanwa yana ɗan kashe zafi, gaskiya ne, amma ba ya kashe cutar. Kanwa tana sa nikotin ya fi saurin shiga jini, tana kuma ƙona fatar baki. Wurin da ake ajiye shi kullum, dasashi yakan janye, saiwa ta fito fili, wani lokaci farin tabo ya bayyana wanda ba ya gogewa. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa tabar baki cikin abubuwan da ke jawo dajin baki. Haka kuma shisha da wasu 'yan mata suka ɗauka ƙawa ce, taba ce, ƙamshin 'ya'yan itace kawai aka sa mata.

Yaranmu ma ba su tsira ba. A birnin Kobe na Japan an bi yara sama da 76,000, aka fitar da sakamako a 2015 cewa jariran da ake shan taba a gabansu sun ninka sauran kusan sau 2 wajen samun kogo a haƙoran nono.

Baki ba ya rabuwa da jiki

Bayan taba, babban abokin ciwon saiwa shi ne ciwon sukari. In sukari ya hau, baki yakan bushe, miyau ya ragu, alhali miyau shi ne ruwan da ke wanke haƙora dare da rana. Sojojin jini su yi rauni, rauni ya ƙi warkewa. Tun 1993 masana suka fara lissafa ciwon dasashi a matsayin matsala ta shida cikin waɗanda ciwon sukari ke jawowa, kuma an lura aikin saiwa ya fi jinkirin warkewa a jikin masu shi. Abin kuma yana tafiya ne gaba da baya: mugunya a baki tana sa sukari ya ƙi sauka, sukari kuma yana ciyar da mugunyar. In kin ga maigida ko surukarki ƙurjin dasashi yana ta dawowa, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, to a je a gwada jini, kada a tsaya kan haƙori kaɗai.

Sai mai juna biyu. Akan ce kowane ciki da haƙorinsa yake tafiya, wai jariri ne ke zuƙe ƙarfin haƙorin uwa. Ba haka abin yake ba. Canjin da ciki ke kawowa ne yake sa dasashi kumbura da jini, ga amai mai tsami da ke cin ɓawo, ga kwaɗayin zaƙi, ga kasala da ke hana wanke baki. Kuma ba gaskiya ba ne cewa mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori. Tana zuwa, watanni na huɗu zuwa na shida ma sun fi sauƙi, in kuwa kumburi ne ba a jira ko wane wata ne. Abin da ake so kawai ta faɗa cewa tana da ciki, kuma kada ta sayi kafso da kanta, domin akwai irin su tetracycline da ke ɓata haƙoran abin da ke cikin.

Masu sikila da masu cutar da ke karya garkuwar jiki su ma sai an ninka kula, domin ƙaramin ciwo a wurinsu yana saurin kai wa ƙashi. Yunwa kuma ita ce uwa uba ga yara. Ciwon noma, mai farawa da ɗan gyambo a dasashi ya cinye kunci cikin kwanaki, yaran da tamowa da ƙyanda suka raunana yake kamawa. Saboda shi aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023, bisa jagorancin Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yaron da ya ƙoshi, aka yi masa rigakafi, ake wanke masa baki, da wuya noma ta same shi.

Doka ta yi nata, saura namu

Gwamnati ta fara taɓa batun taba da dokar soja ta 1990 wadda ta hana sha a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba. A 2007 jihar Kano na cikin jihohin da suka kai kamfanonin sigari kotu. A 2015 aka sa hannu a dokar ƙasa wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaya ɗaya. Amma doka ba ta shiga ɗaki, ba ta san wa aka aika kanti ba. Wannan sai ke.

Abu na farko, kada a aiki yaro sayen sigari, kada a ce ya miƙo ashana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In maigida yana sha, gori da faɗa a gaban yara ba sa raba mutum da nikotin. Ki nemi lokacin da ransa ke sanyi, ki roƙe shi ya riƙa fita waje, ki gaya masa zancen mutanen Boston, cewa wanda ya daina jikinsa yana gyaruwa. In iya ce ko kaka mai ƙullin gari, da ladabi za ki bi ta, ki ce, "Iya, bari mu je a duba haƙorin nan da ya sa kika fara." Sau da yawa in an kawar da ciwon, rabin hujjar tabar ta faɗi.

Na biyu, wanke baki safe da dare, na daren ma ya fi muhimmanci, da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Asuwaki sunna ne kuma yana da amfani, a haɗa su. In yara sun sha rake ko mazarƙwaila, su kurkure baki, kuma gara a sha zaƙi lokaci guda da a wuni ana tsotsa.

Na uku, a daina sa wa haƙori abin da zai ƙona nama: garin taba, kanwa, ƙwayar asfirin, balle ruwan batir da wasu ke ɗigawa. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zafi kafin a isa asibiti, iyakarsu ke nan. Kafson kemis ma ba ya warkar da mataccen haƙori, tun da jinin da zai kai maganin ba ya shiga ciki. Kumburin zai sauka, ya dawo. Magani biyu ne: ko likita ya buɗe ya wanke cikin saiwar ya cike, ko ya cire.

Na huɗu, ki haddace waɗannan alamu. Kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, murya ta canja, numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi mai zafi ya biyo baya. In kin ga ɗaya daga ciki, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ranar kasuwa a sayar da buhu. A nufi asibiti mafi kusa, Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai sashen haƙori da tiyatar baki da fuska. Kuɗin mota da na cike kogo tun yana ƙarami bai kai rabin abin da kwanciya asibiti za ta ci ba.

'Yar uwa, kakanninmu sun ci fure sun sa gari saboda abin da suka sani ke nan, kuma babu likita kusa da su. Mu an gaya mana, asibiti kuma ya matso. Daren yau kafin a kwanta, ki haska tocila ki duba bakin yaranki ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi maigida da iya ko akwai haƙorin da ya taɓa ciwo ya yi shiru da kansa. In akwai, wannan shi ne na fara kaiwa.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya bar mu da haƙoranmu har tsufa.